Ruwa a Cikin Inji

Duk wanda ya taɓa ciniki da Alhaji Datti ya san ba a gaggawa da shi. In zai sayi buhun taki, sai ya sa an farke ɗinki, ya zura hannu har gwiwa ya ɗebo na ƙasa, ya murza, ya shinshina. In mai sayen tumatir ya yaba masa gona, sai ya fara tunanin me mutumin yake nufi da shi. A ƙauyensu, wanda ke bakin babban kanal na ruwan noman rani tsakanin Kura da Bunkure, wasu na cewa wayo ne, wasu na cewa cuta ce. Shi kuwa cewa yake duniya ce ta koya masa. An taɓa sayar masa da irin shinkafa da ya ƙi tsirowa, an kuma taɓa sayar masa da injin ban-ruwa da aka shafa wa sabon fenti a kan tsohon ƙarfe.

Motoci ma sun ba shi wuya. Duk a-kori-kurar da ya taɓa saya ta hannu ce, wadda wani ya gama morarta a wata ƙasa, kowace da ciwon da take ɓoyewa sai an kai ta gida. Shi ya sa shekarar da Allah ya yi wa shinkafarsa albarka ya ce ya gaji da gadon wahalar wasu. Ya tafi Kano, wani kamfanin sayar da motoci, ya sayi sabuwa dal, fara ƙal, kujerunta a cikin leda. Aka ce masa tana da garanti na shekara uku: duk abin da ya lalace a jikinta ba da gangancinsa ba, kamfani ne zai gyara. Ya gyaɗa kai kawai. A ransa ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Ƙanensa Habibullahi ne ke tuƙa ta. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Datti ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya yi masa aure, ya yanka masa fili a gefen nasa. Idon Datti ya fara rauni, ba ya son babban titi, don haka makullin motar a aljihun Habibullahi yake kwana. Habibullahi ba mai yawan magana ba ne, kuma ya ɗauki motar tamkar amarya. Ko ƙafarsa da laka ba ya shiga sai ya wanke.

Motar ba ta rufa wata huɗu ba ta nuna hali. Lokacin tumatir ne, zafi ya fara shigowa, gonaki sun yi ja ta ko'ina. Sun loda kwanduna sun nufi kasuwar Kwanar Gafan, suna gab da Garun Mallam sai wata jar fitila ta kama a gaban direba. Motar ta yi tari sau biyu, farin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ta mutu a gefen titi.

Kafin su gama fitowa wani bakanike na bakin hanya ya iso da sifana a hannu. Datti ya kusa ce masa bismilla, sai wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa Rufaida ce, wadda ke aure a Kura tana kuma koyarwa a makarantar 'yan mata. Da ta ji abin da ya faru sai ta ɗaga murya.

"Baba, don Allah kada ka bari kowa ya taɓa ta. Ko ƙusa ɗaya aka kwance za su ce kai ka ɓata garanti. A ja ta a mayar musu yadda take."

"To tumatirin fa?"

"A nemi wata motar. Tumatir na kwana ɗaya ne, mota ta shekaru ce."

Haka aka yi. Aka sauke kaya aka ɗora wa wata motar haya, aka nemo mai ja. Amma kafin a ɗaure ta, Datti ya aika aka sayo masa ƙaramin gwangwanin jan fenti. Ya bi batir, ya bi tayoyi, ya bi duk ƙarfen da hannunsa ya kai a ƙarƙashin bonet, yana ɗiga wa kowanne ɗigo a inda ido ba ya saurin gani. Ya sha jin labarin masu kai mota gyara su dawo da ita an musanya mata kayan ciki.

A kamfanin, wani matashi mai suna Taufiq ne shugaban sashen gyara. Fari ne siriri, rigarsa a goge, bakinsa da zaƙi. Ya sa aka kawo wa Datti ruwa mai sanyi, ya ce kada ya damu, ai abin da garanti yake nufi ke nan. Datti ya riƙe robar ruwan bai sha ba. Fara'ar da ta yi yawa ba ta kwanta masa.

Aka yi ta je-ka-ka-dawo. Yau a ce ana jiran mai duba ta da kwamfuta, gobe a ce mai duba ta ya yi tafiya. Da dai aka ga Datti ba ya gajiya da zuwa, sai Taufiq ya shigar da shi gareji, ya zaro sandar gwada baƙin mai ya nuna masa. Maimakon baƙi, man ya koma fari-fari, kamar shayin da aka cika wa madara.

"Ka gani, ranka ya daɗe? Ruwa ne ya shiga inji. Wannan kuwa ba laifin kamfani ba ne, garanti ba ya ɗaukarsa."

"Ruwa daga ina? Rabon da a yi ruwan sama tun kafin in saye ta."

Taufiq ya yi murmushi. "Alhaji, ai ku a cikin ruwa kuke zaune. Kanal ta gabas, kanal ta yamma. Wa ke tuƙa maka ita?"

"Ƙanena."

"To, Allah Ya sa ba a ce na haɗa faɗa ba. Amma direbobi mun san su. Mutum zai tsallaka ruwa da mota don ya rage hanya, ko ya tura ta bakin rafi wanki, ya dawo ya yi shiru."

Maganar nan ta bi Datti har gida. Yana cikin motar haya, amma zuciyarsa na bin sawun ƙanensa. Ya tuna ranar da Habibullahi ya kai buhunan albasa Bunkure ya dawo da wuri fiye da yadda aka saba. Ya tuna yadda motar kullum take ƙyalli. A ina yake wanke ta? Ya tuna ma cewa da motar ta mutu, Habibullahi bai ce komai ba, ya dai tsaya yana kallon ƙasa. A da ya ɗauka baƙin ciki ne. Yanzu kuwa sai biri ya yi kama da mutum.

Bai tunkare shi kai tsaye ba. Da safe ya bi bakin kanal a ƙafa kamar mai duba ruwa, yana leƙen sawun taya a duk inda gaɓa ta yi ƙasa. Sawu kuwa ga su nan birjik, na tarakta, na babur, na amalanke, babu mai cewa ga na wane. Ya tambayi masu wanki a wajen gada, a fakaice, ko suna ganin farar motarsa. Suka ce ƙwarai, Habibu yakan kawo ta nan ya wanke. Bai tsaya jin ko da bokiti yake ɗiba ko shiga yake yi ba. Abin da ya zo nema ya samu.

Ya tarar da Habibullahi a gona yana buɗe wa kwamin tumatir ruwa. Ma'aikata na kusa suna tsinka, amma Datti bai ja shi gefe ba.

"Habibu, tsakaninka da Allah, ka shiga ruwa da motar nan?"

Habibullahi ya miƙe, fartanya a hannu. "Wane ruwa, Yaya?"

"Kada ka mayar da ni yaro. An ganka a gada."

"Wanke ta nake yi. A kan tudu nake ajiye ta, in ɗebo ruwa da bokiti. Ko tayarta ba ta taɓa taɓa kanal ba."

"To ruwan da ke cikin injin, aljanu ne suka zuba? Masu kamfani sun nuna mini da idona. Ruwa ba ya tsami banza."

Masu tsinka suka sunkuyar da kai cikin ganye. Habibullahi ya daɗe yana kallon yayansa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin motar na biyu, wanda ya rage a wurinsa, ya ajiye a kan kwandon da ke tsakaninsu.

"Mutumin da ka sani jiya ya faɗa ka yarda. Ni da ka raina na faɗa ka ce ƙarya nake. Shi ke nan, Yaya. Allah Ya bayyana gaskiya."

Ya saɓa fartanyarsa ya tsallaka zuwa nasa filin. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a ƙofar masallaci.

Da labari ya kai wa Rufaida, ranar Juma'a ta zo gida. Ta bari sai da mahaifinta ya ci abinci, sannan ta zauna a gefen tabarmarsa.

"Baba, kai da ba ka yarda da mai taki sai ka ga ƙasan buhu, me suka nuna maka har ka yarda?"

"Mai na gani ya yi fari."

"Ka ga ruwa a cikin mai. Ka ga ta inda ya shiga?"

Rufaida ta ci gaba.

"Su ne masu sayarwa, su ne masu dubawa, su ne kuma masu yanke hukunci. Ina aka taɓa yin haka? Doka ta ba mai saye haƙƙi. In ka sayi abu sabo ya zo da aibi, ko su gyara, ko su canza maka, ko su mayar maka da kuɗinka. In sun ce laifinka ne, sai su nuna hujja, ba wai su faɗa da baki ba. Akwai hukumar kare haƙƙin masu sayayya, aikinta ke nan. Ko a karatun addini ai an koya mana wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi."

"Hukuma," in ji Datti, ya taɓe baki. "Su da masu kamfani ai a faranti ɗaya suke ci."

"Wataƙila. Amma Baffa Habibu fa? Shi ma a farantin yake ci?"

Maganar ta zauna wa Datti a ƙirji kamar ƙullin tuwon da bai tuƙu ba.

Ya koma kamfanin ba tare da ya sanar da su ba, don ya kama su suna wasa da motarsa. Ya wuce kai tsaye gareji, ya sa aka ɗaga bonet, ya bi ɗigon fentinsa ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan. Ba a musanya ko wanne ba. Maimakon ya ji daɗi sai ya ji kamar an ƙwace masa wani abu, don ya zo da faɗansa a shirye.

Yana tsaye sai ya ji hayaniya daga ofis. Wata mata ce, babba, mai jiki, ta yafa mayafi ruwan toka, ta fito tana faɗa Taufiq na binta yana ba ta haƙuri.

"Ruwa? Wane ruwa? Ni a Kumbotso nake kiwon kaji. Ƙwai motar nan take ɗauka daga gona zuwa cikin gari a kan kwalta. Ko kududdufi babu a hanyata. Kun sa na kori direbana, bawan Allah mai 'ya'ya, yanzu na zo ku nuna mini hujja kuna ta juya ni!"

Datti ya bi inda take nunawa da ido. A can ƙarshen gareji ga wata a-kori-kura irin tasa sak, sai dai ita shuɗiya ce. Ya jira har matar ta fito bakin ƙofa, ya yi mata sallama. Ta ce sunanta Hajiya Saliha. Ya tambaye ta yadda tata ta yi. Jar fitila, tari, farin hayaƙi, mai kamar shayi. Kamar ita ce ta zauna a motarsa ran nan.

"Ni ma haka suka ce mini," in ji shi a hankali. "Har da tambayar wa ke tuƙa ta."

"To wallahi akwai lauje cikin naɗi. Alhaji, mu haɗa kai mu kai ƙara. Ba ni lambarka."

Nan take halinsa ya motsa. Ina ya san ta? In kamfanin ne ya shirya ta don a ji cikinsa fa? Faɗan da ta yi ma ai ya yi kama da shiri. Sai ya karanta mata lambar Rufaida, ya ce ita ce mai kula da irin waɗannan al'amura.

Hajiya Saliha ta dube shi sama da ƙasa. "Ni ma ban yarda da kai ba, in ta wannan ne. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake."

A hanyar komawa ba kamfanin ya tsaya masa a rai ba. Direban nan mai 'ya'ya da aka kora shi ya tsaya masa. Yana rufe ido sai ya ga makulli a kan kwando.

Rufaida da Hajiya Saliha suka yi ta waya har suka zama kamar 'ya da uwa. Su suka kai ƙorafi hukumar, Datti na biye da su yana kallon kowane ma'aikaci da gefen ido. Jami'ar da ta saurare su ba ta yi musu alkawarin komai ba, abin da ya ɗan kwantar masa da hankali ke nan. Ta ce za a kira kamfani, kuma za a sa rana a buɗe injin motocin a gaban kowa, da injiniyan da ba na kamfani ba, ba kuma nasu ba. Kafin ranar ta zo, wani mai gidan burodi daga cikin gari ya ji labari ya shigo cikinsu, shi ma tasa motar tana can an ce masa ruwa.

Ana cikin jira, tumatir bai jira ba. Motocin haya sun yi wuya, kowa na son kai nasa. Wani lokaci sai an tsinka a tara a inuwa, mota ba ta zo ba, rana ta dafa na sama, na ƙasa ya fashe. Datti na tsaye wata la'asar yana kallon kwandunan da ƙuda ya fara bi, sai ga wata ƙaramar mota ta biyo hanyar bakin kanal a hankali. Taufiq ne ya fito, yana ɗage ƙafar wando kada laka ta taɓa.

Bayan gaisuwa ya dubi kwandunan ya girgiza kai. "Kai, Alhaji, wannan asara da yawa take. Abin da ya kawo ni ke nan. Na yi magana da manya, na ce dattijo ne, manomi, a duba masa. Sun yarda a yi maka alfarma. Za a gyara motarka kyauta, cikin satin nan ka ɗauki abarka. Sai dai ka janye ƙorafin nan, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu."

Datti ya dubi tumatirinsa. Cikin satin nan. Da mota a hannu, sauran girbin duk zai tsira. Bakinsa har ya buɗe. Sai kuma tsohuwar ɗabi'arsa ta riƙe masa harshe. Yaushe kamfani ya fara biyo manomi gona da alheri? Da walakin goro a miya.

"Malam Taufiq, alfarma ka ce?"

"Alfarma, ranka ya daɗe."

"Wato har yanzu laifinmu ne, ku ne kuka ji tausayi."

"To, kusan haka."

"Da matar nan ta Kumbotso, da mai burodi, su ma za a ji tausayinsu?"

"Kowa da tasa matsalar, Alhaji."

Datti ya juya ya dubi gabas. Can a ƙetaren ƙaramin kanal ga Habibullahi sunkuye cikin albasarsa, ya ba su baya.

"Ka ga wancan? Shi ne ƙanen nawa da ka ce ya shiga ruwa. A gaban ma'aikata na ƙaryata shi saboda maganarka. In kun gyara mota a ɓoye, shi wa zai gyara masa suna? Ni ba alfarma na saya ba, garanti na saya. A buɗe injin nan a gaban jama'a. In shi ne, in sani. In ku ne, kowa ya sani."

Murmushin Taufiq ya ɗauke. Ya ce a hankali, "Alhaji, ni ma ɗan aike ne. Abin da aka ce in faɗa nake faɗa." Ya koma motarsa. Datti ya bi ta da kallo har ta ɓace, yana tunanin ko wannan maganar ta ƙarshe ma cikin aiken take.

Ana gobe za a buɗe inji, bayan sallar Asuba, Datti ya tari ƙanensa a ƙofar masallaci.

"Habibu, gobe za a buɗe motar. Ina so ka zo."

"In zo a matsayin wa, Yaya? Mai laifi ko ɗan kallo?"

"Ka dai zo."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Amma washegari da safe Datti ya same shi a bakin titi yana jira, da wankakkiyar riga.

Garejin ya cika. Ga jami'ar hukuma, ga manyan kamfani biyu da Datti bai taɓa gani ba, ga Hajiya Saliha ta zo da direban da ta kora, ga mai burodi. Injiniyan da aka kawo dattijo ne mai furfura da tabarau. Datti ya matsa kusa da shi har sai da aka ce ya ɗan ja baya, don yana so ya ga kowace ƙusa da za a kwance, ya kuma ga ko akwai wata ƙiftawar ido tsakaninsa da mutanen kamfani.

Injiniyan ya fara da matatar iska, inda ruwan waje zai fara bi in mota ta nutse. Ya ciro ta ya buga a tafin hannu. Busasshiyar ƙasa ce ta zubo, babu laka, babu alamar jiƙa. Sannan aka kwance kan injin. Ya ɗago wani siririn faranti da ke raba ruwan sanyaya inji da baƙin mai, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ga tsaga nan a gefe ɗaya. Ya ce ruwan da ya gauraya da mai na cikin motar ne, ba na kanal ba, ya nuna musu launinsa kore-kore irin wanda kamfani ke zubawa. Aka buɗe ta Hajiya Saliha, tsaga a wuri ɗaya. Aka buɗe ta mai burodi, haka.

Manyan kamfani suka koma gefe suna ƙus-ƙus. Ɗayansu ya dawo ya ce ai daga masana'anta abin ya zo, su ma ba su sani ba. Hajiya Saliha ta ce, "Ba ku sani ba, amma kun san sunan direban kowa." Jami'ar ta tsawatar, sannan ta bayyana wa kamfanin abin da ke kansa: kowane mai mota ya zaɓa, gyara da sabon inji, ko canji, ko a mayar masa da abin da ya biya, kuma a nemo duk wanda ya sayi irin motar a sanar da shi.

Datti bai ji ƙarshen bayanin sosai ba. Ya juya yana neman ƙanensa, ya hango shi a bakin ƙofa shi kaɗai, ya harɗe hannu. Ya taka ya same shi, ya ɗaga murya yadda na cikin gareji za su ji.

"Habibu, na zalunce ka. A gaban mutane na ƙaryata ka, a gaban mutane nake neman gafara. In mun koma gida ma zan faɗa a gona."

Habibullahi ya sunkuyar da kai. "Na yafe, Yaya. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Hajiya Saliha ta karɓi kuɗinta ta ce ita da irin motar nan har abada, ta kuma mayar da direbanta aiki. Datti ya zaɓi canji. Sai da aka ja lokaci kafin sabuwar ta iso, tumatir ya riga ya ƙare, an shiga cire albasa. Ranar da aka kira shi ya ce ba zai karɓa a tsakar kamfani ba. A kawo ta gona, a loda mata buhuna, a bi hanyar bakin kanal da tsakar rana har kasuwa, kuma Taufiq ya zauna a ciki. In za ta yi tari, ta yi a gabansa. Kamfanin, da yake ido na kansa, ya yarda.

Aka loda albasa. Datti ya miƙa wa Habibullahi makulli. Habibullahi ya karɓa, amma ya ce, "Na yau ne kawai, Yaya. Na yi magana da masu filin da ke bayan nawa, zan karɓi haya in faɗaɗa noma. Ka nemi direba."

"Ba ka ce ka yafe ba?"

"Na yafe. Amma in wani abu ya sake samun motar nan, ba na son in kwana ina tunanin me kake tunani."

Datti ya shiga ya zauna a tsakiya, Taufiq ya matse a bakin ƙofa yana share gumi. Suka kama hanya, motar na rangaji a kan gargada, ruwan kanal na bin su ta hagu. Datti ya kafa wa allon gaban direba ido, kunnensa a kan ƙarar inji, duk ƙaramin sauti sai ya ɗago ya dubi Taufiq. Ba fitilar da ta kama. Suka hau kwalta, suka wuce Garun Mallam, suka isa kasuwa lafiya.

Da 'yan dako suka fara sauke buhuna, Taufiq ya ce, "To Alhaji, ka gamsu?"

"Yau dai ta kai," in ji Datti.

Ya ɗauki wani direba daga Kura, mutumin kirki, wanda Rufaida ta samo masa. Habibullahi ya faɗaɗa gonarsa kamar yadda ya ce, kuma in kayansa sun tashi motar yayansa ce ke kai masa kasuwa. Suna cin abinci tare ranar Juma'a, suna hira a kan ruwa da taki da farashin albasa. Amma bai ƙara zama a bayan sitiyarin ba, Datti kuma bai ƙara roƙonsa ba.